Cikowar Gulbin Kabi: Me Za a Rushe Don Kifi Ya Dawo?

Ranar babban su a Argungu, tun kafin rana ta yi zafi bakin Matan Fada ya cika maƙil. Masunta sun yi sahu a can nesa da gaɓa, kowa riƙe da homarsa da ƙaton gora. Da an harba bindiga sai ƙura ta turnuƙe, dubban mutane su kwarara cikin gulbi a guje, makaɗa na biye da su a cikin kwalekwale. Kafin a jima ruwan ya koma kamar kunu saboda laka. Masunci yakan kifa cikinsa a kan gora ya yi ta shawagi, ya nutse ya taso, ƙananan kifayen da homa ta kamo ya zura su ta bakin goran. Amma idon kowa yana kan giwan ruwa. A bikin watan Maris na 2020, wanda ya zo bayan kusan shekara goma ba a yi ba, kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78, wato ya ɗara buhun shinkafa ɗaya da rabi nauyi.

Kifi irin wannan ba ya girma a shekara ɗaya ko biyu. Kafin ya kai haka ya cinye ƙananan kifaye da ba su ƙidayuwa, su kuma waɗannan ƙananan a fadama aka ƙyanƙyashe su, cikin ciyawar da ruwan damina ya shanye. Duk wanda ya ɗaga giwan ruwa a gaban Sarkin Kabi, damina da yawa ya ɗaga. Shi ya sa abin da ya faru a 2006 ya kamata ya tsaya a ran Kabawa: a shekarar an hana shiga su a bikin saboda ruwan gulbi ya yi ƙasa ƙwarai. Bikin da aka faro a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu don binne tsohuwar gabar Sakkwato da Kabi, bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ashe duk armashinsa ya rataya ne a kan ko akwai ruwa ko babu.

A watan Oktoba na 2024 wani labari ya fito daga yammacin Amurka da ya sa masu nazarin koguna a duk duniya suka ɗaga kai. An kammala rushe madatsun ruwa huɗu a kogin Klamath, wanda ya taso daga jihar Oregon ya bi ta Kalifoniya ya faɗa teku. Shi ne aikin rushe dam mafi girma da aka taɓa yi a ƙasar, kuma ya ci kimanin dala miliyan 500. An gina madatsun ne tsakanin 1918 da farkon shekarun 1960 don samar da lantarki, ba tare da an bar wa kifin samon hanyar da zai haura zuwa mahaifarsa ba. Ƙabilun Yurok da Karuk, waɗanda samon yake musu kamar yadda giwan ruwa da tarwaɗa suke wa Sarkawa masunta, sun shafe shekaru suna fafutika, musamman bayan 2002 da kifi sama da 30,000 suka mutu a kogin cikin 'yan kwanaki saboda ƙarancin ruwa da cuta. Da aka kawar da madatsun, makonni kaɗan aka ga samon a ruwan Oregon, inda rabon da a gan shi an haura shekara 100.

Ba a Klamath aka fara ba. A 1999 an rushe dam ɗin Edwards a kogin Kennebec na jihar Maine, wanda aka gina tun 1837, kifayen da ke haurowa daga teku suka dawo miliyoyi. Daga 2011 zuwa 2014 an kawar da madatsu biyu a kogin Elwha. Faransa ta rushe Vezins mai tsayin mita 36 a kogin Sélune. Amurka kaɗai ta kawar da madatsu sama da 2,000, akasarinsu ƙanana, kuma dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 2024 ta sa burin sakar wa koguna mara na tsawon kilomita 25,000 kafin 2030.

To, mai sauraro a Argungu ko Birnin Kebbi yana da damar tambaya: idan rushe dam na dawo da kifi, me zai hana a rushe Goronyo da Bakolori? Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, kuma amsar tana farawa daga sanin yadda gulbin nan yake rayuwa.

Ruwan da ke wucewa ta Argungu daga nesa yake tahowa. Rima tana haɗa ruwan Gagare da Bunsuru da kuma Gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya leƙa Jamhuriyar Nijar, ya komo Najeriya. Gulbin Sakkwato kuwa daga wajen Funtuwa yake farawa, ya bi ta Gusau, ya sadu da Rima kusa da birnin Sakkwato. Daga nan su gangaro tare ta Argungu da Birnin Kebbi cikin fadama mai faɗin kilomitoci, Gulbin Zamfara da Gulbin Ka su iske su a ƙasa, sannan duka su zube cikin kogin Neja. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya gaggawa. A zamanin da babu dam, da damina ta kankama sai gulbi ya fara tasowa a hankali, ya cika, ya tsallake gaɓa ya bazu cikin fadama, ya kwana biyu a can, sannan ya janye bayan kaka. Wannan ita ce cikowa. Hausa ta bambanta ta da ambaliya, kuma bambancin yana da muhimmanci: ambaliya ɓarna take yi, tana zuwa ba shiri, cikowa kuwa jiran ta ake yi, an san watanta, an san iyakar inda take kaiwa, har gonaki da ƙauyuka an tsara su daidai da ita.

Kifi ma jiran ta yake yi. Wanda ya taɓa tsayawa bakin wata 'yar ƙorama da daddare a farkon cikowa ya san abin. Sabon ruwa ja ne, ɗauke da ƙasa da ƙamshin ciyawa, kuma da ya taɓa jikin tarwaɗa sai ta bar zurfi ta nufi tudu. Za a ji motsinsu cikin ciyawa, a ruwan da bai kai gwiwa ba, wani lokaci bayansu ma a waje. Can suke zuba ƙwai, ya manne a jikin ciyawa, kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe. Bargi da yauni har sheƙa suke yi da ciyawa su tsare ƙwansu. Karfasa, ƙurungu, kawara, faliya, kowanne da lokacinsa da irin wurin da yake so. 'Ya'yan kifin suna samun abinci a yalwace, domin kashin shanun da suka yi kiwon rani da ruɓaɓɓen ganye sun zama taki a ruwa, ƙananan halittu sun yi yawa, ga duhuwar ciyawa da ke ɓoye su daga tsage da giwan ruwa. Wata biyu ko uku a wannan hali ya ishe su su yi ƙwari. Da ruwa ya fara janyewa sai su bi shi su koma gulbi, waɗansu su maƙale a tafkuna, gaiwa kuwa ta haƙa rami a laka ta naɗe kanta ta jira wata damina.

Masanin kifi Robin Welcomme, wanda ya yi wa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya aiki, ya tattara bayanan kogunan Afirka a shekarun 1970 ya nuna cewa kadadar fadama guda da ruwa ya hau tana ba da kifi kilo 40 zuwa 60 a shekara, kuma yawan kamun bana yana bin girman cikowar bara da ta bara waccan. Tsofaffin masunta ba su buƙaci littafi kafin su san haka ba. Amfanin lissafin shi ne ya sa abin cikin harshen da injiniya da mai kasafin kuɗi ke ji: duk kadadar da aka hana ruwa hawa, an rage kifi gwargwadonta.

Kuma ba masunci kaɗai ke cin moriyar cikowa ba. Manomi yana shuka shinkafar gargajiya mai tashi tare da ruwa, bayan an janye ya bi danshi da albasa da dankali da rogo, Bafillatani ya shigo da shanu lokacin da tudu ya bushe, ruwan da ya nutse cikin ƙasa kuma ya cika rijiyoyi. Fili ɗaya, sana'a uku ko huɗu a shekara.

Cikin wannan tsari aka shigo da dam. Fari na farkon shekarun 1970 ya girgiza Arewa, kuɗin mai ya samu, gwamnati ta ga cewa mafita ita ce a tare ruwan damina a yi noman rani na zamani. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, aka gama a 1978, da tafki mai ɗaukar kubik mita miliyan 450. Goronyo a kan Rima ta biyo baya a 1984, ta fi ta girma ninki biyu, sama da kubik mita miliyan 900. A ƙasar Katsina aka gina Zobe a kan Karaduwa da Jibiya a kan Gada. Duka suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Bakolori ta shiga tarihi da jini: manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyin aikin suna neman diyya, a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka far musu. Gwamnati ta ba da adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.

Waɗanda ke ƙasan dam ɗin babu wanda ya harbe su, amma su ma sun yi asara, kuma tasu ba a yi mata ko maganar diyya ba. William Adams na Jami'ar Kembrij ya bi ƙauyukan da ke tsakanin Bakolori da mahaɗar Rima, ya wallafa sakamakonsa a 1985. Daga cikin kadada 19,000 na fadama, an rasa noman shinkafa a kadada 7,000 da noman rani a kadada 5,000, saboda cikowa ta ragu tsayi ta kuma ragu kwanaki. Manoma suka koma gero da dawa a inda dā shinkafa ce. Kamun kifi ya faɗi, masunta da dama suka ajiye koma ko suka tafi ci-rani wasu ruwaye. Wannan lissafi na yankin da ke sama da Sakkwato ne, amma ruwan da bai hau fadamar can ba shi ne dai bai iso Augie da Argungu a lokacinsa ba. Ga kuma madatsar Kainji da aka gama tun 1968, wadda ta raba kifin ƙasan Neja da na sama. Adalci ne a faɗi cewa tafkunan dam su ma sun zama wuraren su, kasuwar kifi ta Yawuri shaida ce. Sai dai kifin tafki na wanda ke bakin tafki ne. Masuncin da ke kilomita 200 a ƙasa bai ga komai ba sai raguwa.

Duk da haka, wanda ya ce a kwaikwayi Klamath a Rima kai tsaye bai duba abin da kyau ba.

Madatsun Klamath huɗu na kamfanin lantarki ne mai suna PacifiCorp, kuma wutar da suke bayarwa ba ta kai kashi 2 cikin 100 na abin da kamfanin ke samarwa ba. Ba sa ba gonaki ruwa, ba a gina su don tare ambaliya ba. Da lokacin sabunta lasisi ya zo, doka ta tilasta a gina wa kifi matakalar haurawa, kamfanin ya lissafa ya ga rushewa ta fi masa sauƙi. Madatsun da ke sama, waɗanda manoman yankin ke dogaro da su, ba a taɓa su ba. Akasarin abin da ake rushewa a Turai da Amurka ke nan: tsofaffin gine-gine da amfaninsu ya ƙare, kula da su ya fi ribarsu tsada. Sannan kogunan can suna gudu rani da damina. Rima kuwa a dā takan tsinke da bazara, ta koma tafkuna jefi-jefi da rairayi a tsakani. Yau ruwan famfon Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi a watan Maris da Afrilu yana jingine da abin da aka saki daga Goronyo. A 2018, da ruwan dam ɗin ya ragu zuwa kusan kashi 10 cikin 100, hankalin jihohi biyu ya tashi. Ga shinkafar rani, wadda ta zama ƙashin bayan arzikin Kebbi tun bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance a jihar a watan Nuwamba na 2015, ga masana'antun casar shinkafa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu. Masuncin da ke kukan rashin kifi, sau da yawa shi ne kuma mai 'yar gonar shinkafa da injin ban ruwa a bakin gulbi. Rushe Goronyo zai kashe masa sana'a ɗaya kafin ɗayar ta farfaɗo.

Akwai kuma bambanci a ɗabi'ar kifin. Samon tafiyar tsaye yake yi, daga teku zuwa kan dutse, don haka bango guda a tsakiyar hanya ya gama da shi, kawar da bangon kuma ya buɗe komai. Kifayen Rima ma suna haurawa, amma babbar tafiyarsu ta gefe ce, daga gulbi zuwa fadama da dawowa. Abin da ya tsare su shi ne ruwan bai kai tsayin da zai tsallake gaɓa a watan da suke ɗauke da ƙwai ba, ko ya hau ya janye da wuri ya bar 'ya'yan kifi a busasshiyar ciyawa. Wannan kuwa ana iya gyara shi dam na tsaye, domin dam yana da ƙofofi, kuma mutum ne ke yanke lokacin buɗe su.

Afirka ta riga ta gwada. A arewacin Kamaru an gina dam ɗin Maga da jinga a gefen kogin Logone a 1979 don noman shinkafa, fadamar Waza ta bushe, masunta da makiyaya suka watse. A 1994 ƙungiyar kare muhalli ta IUCN da gwamnatin Kamaru suka fasa jingar a wuri guda suka buɗe tsohuwar hanyar ruwa, kusan murabba'in kilomita 200 ya sake shan ruwa, ciyawa mai ɗorewa ta fara dawowa, kifi da shanu da tsuntsaye suka biyo ta. A 1997 aka ƙara buɗe wata. Dam ɗin Maga na nan har yau. A gaɓar kogin Senegal ta ɓangaren Muritaniya, inda dam ɗin Diama na 1986 ya mayar da ƙasa gishiri, an yi amfani da ƙofofin ruwa a gandun Diawling aka riƙa kwaikwayon cikowa, kuma masunta da mata masu saƙar tabarma ne suka faɗa wa injiniyoyi watan da ya dace da tsayin da ake so.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne Haɗeja da Nguru, a ƙasan madatsun Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992. Edward Barbier da Julian Thompson sun auna ribar noman rani da ake samu a sama da asarar noma da su da itace da ake yi a fadama, suka samu cewa ribar ba ta rufe fiye da kashi 17 cikin 100 na asarar ba, kuma suka nuna cewa sakin cikowa da gangan a damina shi ne zai fi rage ɓarnar. Haɗeja ta koyar da wani darasi ma: idan aka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara ba tare da babbar cikowa mai wanke hanya ko lokacin bushewa ba, kacalla ce ke mamaye magudanai ta toshe su, tsuntsayen jan baki su samu maɓoya su far wa gonaki. Gulbi na buƙatar ya cika, yana kuma buƙatar ya sauka.

Za a ce ai Kebbi ba ta rasa ruwa ba, ruwa ne ma ke cinye ta. Gaskiya ne. A Satumba 2010 Goronyo ta cika aka buɗe ƙofofi, ƙauyuka suka nutse, hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke. A 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa da aka ƙiyasta sun kai kadada 450,000 a jihar Kebbi. Amma irin wannan ruwa ne ke nuna inda gizo ke saƙa. Mai kula da dam yana tsoron rani, don haka yakan riƙe ruwan farkon damina har tafki ya cika, daidai lokacin da kifi ke jiran alamar fita. Idan ƙarshen damina ya zo da ƙarfi, babu sauran wurin ajiya, dole a saki da yawa lokaci guda, a kan shinkafar da ta kusa nuna. Sai a yi asara biyu: kifi bai samu cikowar farko ba, manomi ya sha ambaliyar ƙarshe. Yashi da lakar da suka taru a cikin tafkunan shekara 40 sun ƙara rage musu ciki, abin da ke sa su saurin cika da saurin ƙafewa. Sakin wani kaso tun Yuli da Agusta, a hankali, da sanarwa, bisa hasashen damina, zai ba kifi abin da yake nema ya kuma bar wa dam sarari. Akwai kasada a ciki, domin idan damina ta yanke da wuri ruwan rani zai yi ƙaranci, kuma wanda ya buɗe ƙofa shi za a tuhuma. Saboda haka bai kamata nauyin ya zauna a wuyan ma'aikaci ɗaya ba. Ƙa'ida ce ya kamata a rubuta, kowa ya san ta, kowa ya sa hannu.

Akwai kuma abubuwan da suka cancanci a rushe su da gaske, sai dai ba su da girman da za su shiga labarai. Titin da aka ɗaga ya ratsa fadama da 'yar kwalbati guda wadda yashi ya toshe, dam ne a wurin kifi. Haka jingar da aka yi don kare gona ta rufe bakin tafki, haka shingen da ake kafawa a ƙorama daga gaɓa zuwa gaɓa a tare duk abin da ke komawa gulbi, babba da ƙarami. Tafkin da bakinsa ya toshe shekara biyar, kwana kaɗan na aikin gayya ko na katafila zai sake haɗa shi da gulbi. Irin wannan aiki shi ne mafi yawan abin da Turawa ke ƙirgawa a matsayin rushe dam. Wannan kuma ya sa dole a sake duban shirin Zauro, wanda aka tsara tun 1969 don killace sama da kadada 10,000 na fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi da jinga. An daɗe ana ɗaga shi ana ajiyewa, manoman yankin ma sun nuna turjiya. Duk ranar da aka sake ɗauko shi, a tuna cewa filin da za a killace yana cikin ɗakin haihuwar kifin Matan Fada, kuma ko da lissafin Welcomme kaɗai, tan 400 zuwa 600 na kifi ake magana a kowace shekara.

Tsofaffin ƙananan madatsu da yashi ya cike su ma a duba su, ko don tsaron rai. Madatsun da Arewa ta rasa ruwa ne ya ɗauke su da mutane a gaba: Bagauda a 1988, Gusau a 2006, Alau a Satumba 2024 da ta nutsar da Maiduguri. Wanda aka sauke da shiri ana zuƙe ruwansa a hankali, a gwada lakar da ke ciki kafin a sake ta. Amurkawa sun koyi haka da tsada a 1973, da suka rushe dam ɗin Fort Edward a kogin Hudson lakar da ke cike da gubar masana'antu ta gangara ƙasa.

Ba daidai ba ne a ɗora wa dam dukkan laifi. Masunta sun yi yawa, kifi ya yi kaɗan, sai kayan su suka riƙa ƙanƙancewa har aka kai ga jan gidan sauro a ruwa, wanda ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. An yi zamanin zuba Gammalin a tafki. Injinan ban ruwa suna zuƙe tafkunan da kifi ke fakewa da rani, maganin feshi na gangarowa daga gonakin shinkafa. A kasuwar Birnin Kebbi, a garin da gulbi ke wucewa ta gefensa, kifin ƙanƙara da aka ɗauko daga teku da tarwaɗar kiwo sun samu gindin zama a kan tebur. Ko an saki cikowa, in ba a bar 'ya'yan kifi sun girma ba, aikin banza aka yi.

A nan Kabi tana da abin da wurare da yawa suka rasa. Tana da Sarkin Ruwa da Homa da sauran sarakunan su, tana da al'adar gyaran ruwa da fashin ruwa, da rufe ruwa da buɗe shi a lokacin da aka yarda. Matan Fada kanta hujja ce: ana hana su a wurin tsawon shekara, shi ya sa ake samun manyan kifaye ranar biki. Mutanen da suka iya tsare yanki guda na gulbi shekara da shekaru da ikon sarauta da yardar jama'a za su iya tsare wuraren ƙwai na wata uku, idan an ba su goyon bayan doka. Su ne kuma suka san wace ƙorama ce ke fara ɗaukar ruwa, wane tafki ne ba ya ƙafewa, wane kifi ne aka daina gani. Lokacin da Bankin Duniya ya amince da kusan dala miliyan 500 a 2014 don gyaran manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, ciki har da Bakolori da tsakiyar kwarin Rima, an ba ƙungiyoyin manoma masu shan ruwan magudanai muhimmanci. Masuntan ƙasan dam su ma masu amfani da ruwan ne, kuma sun riga magudanan zuwa da ɗaruruwan shekaru.

Zaman da ake buƙata ba ƙarami ba ne. Ruwan ya ratsa Katsina, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, madatsun na gwamnatin tarayya ne, wani reshe ya bi ta Maraɗi, inda tun bayan gina Jibiya ake kukan raguwar ruwa duk da yarjejeniyar raba ruwan da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990. Daga yamma kuma Nijar tana gina dam ɗin Kandaji a kan kogin Neja a yankin Tillaberi, wanda Shugaba Mamadu Tanja ya aza harsashinsa a 2008. Ranar da aka rufe ƙofofinsa, ruwan da ke shigowa Kebbi ta Lolo da Bagudo zuwa Yawuri shi ma zai koma bin jadawalin wani ofis. Masarautar Argungu, ƙarƙashin Sarkin Kabi Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, tana tara shugabanni da gwamnoni a rumfa ɗaya duk shekarar da aka yi biki. Buƙatar da za a miƙa musu a rumfar gajera ce: a rubuta kwanakin sakin ruwan damina daga Goronyo da Bakolori, a sa sandunan awo a Argungu da Birnin Kebbi da kowa zai iya karantawa, a riƙa auna kifin da ake saukewa a bakin gulbi kowane wata, kuma a ba Sarkin Ruwa kujera a ɗakin da ake yanke ranar buɗe ƙofa.